Ƙarin kuɗin goge gilashi a shekarar korona: abin da na rubuta a littafin aikina

Laraba, 25 ga Maris, 2020

Jiya aka sanar cewa gwaji ya nuna Gwamna Bala Mohammed na ɗauke da cutar korona. Da safen nan na je filazar da nake wanke wa gilashi a titin Ahmadu Bello, na tarar mai gadi ya ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, kowa ya zo sai ya wanke hannu kafin ya shiga. Cutar da muke jin labarinta a rediyo tun da aka same ta a jikin wani ɗan Italiya a Legas ranar 27 ga Fabrairu, ga ta yau a cikin garin Bauchi.

Na buɗe wannan littafi ne saboda magana ɗaya da ta daɗe tana cina. Tun 2017 ban ƙara ko sisi a kuɗin aikina ba. Shago naira 600 duk wanki, gida 3,000, filaza mai hawa biyu 6,000. Tun watan jiya, da harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, na yi niyyar sanar da mutanena cewa zan ƙara daga Afrilu. Na yi ta jan ƙafa, ga shi annoba ta riga ni.

Wuraren da nake yi wa aiki 23 ne: shaguna da kemis 13, gidaje 5, filaza 2, makaranta ɗaya, otal ɗaya, da ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Mu biyu ne, ni da ɗan yayata. Zan riƙa rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da yadda na yi da kowane mai wuri, don kada tsoro ya riƙa yi mini lissafi.

Asabar, 11 ga Afrilu

Saura 11. Makaranta a rufe, otal babu baƙi, gidaje huɗu sun ce a dakata, ba sa son kowa ya shigo daga waje. Ban ga laifinsu ba, ni ma da yara a gida. Shaguna shida sun ce ciniki ya mutu, za su riƙa sa yaran shago suna gogewa da tsumma.

Maganar ƙari na ajiye ta. Da wane baki zan ce wa mutum ya ƙara mini alhali shi ma tun safe bai yi cinikin fari ba?

Talata, 5 ga Mayu (12 ga Ramadan)

Bayan tarawihi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko rasit da guntayen takardun da nake tarawa a gwangwanin madara, na yi lissafin Afrilu daga farko har ƙarshe. Ban taɓa zama na yi irin wannan lissafin ba tun da na fara sana'ar nan. Abin da na saba shi ne in an biya ni in sa a aljihu, in yi cefane, gobe ma haka.

Abin da ya shigo naira 36,800. Ladan yaro na kwana 16, a kan 700 kullum, ya kama 11,200. Kuɗin abin hawa 8,500. Sabulun ruwa, sifirit, ruwan khal, soso da sabuwar robar jan ruwa 4,800. Ruwan da muka saya wajen 'yan garuwa a wuraren da famfo ba ya kawowa 1,600. Takunkumi da man tsaftace hannu 2,000. Duka 28,100. Abin da ya rage mini na wata guda, ni da nake hawa tsani, naira 8,700. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu bara naira 30,000 ne.

Na daɗe ina kallon lambar. Maiɗakina ta fito da ruwan shayi, ta leƙa takardar, ba ta ce komai ba sai "Allah ya rufa asiri." Ta fi ni sanin wannan lissafin, don ita take auna mudun masara tana ganin yadda yake ƙarewa kafin mako ya zagayo.

Abin da lissafin ya nuna mini shi ne ba raguwar wurare kaɗai ba ce matsalata. Kowane shago da na wanke a kan 600, in an cire abin hawa da kayan aiki da ladan yaro, ɗan abin da ya rage bai kai kuɗin burodi da shayin safe ba. Da can yawan wurare ne ya rufe ramin, yanzu da suka ragu sai ramin ya fito fili.

Kuma watan nan zai fi tsanani. Tun da aka hana acaɓa a jihar, hanyar da muka saba ta toshe. Da can yaro ya rungumi tsani mai naɗewa a bayan wani babur, ni in riƙe bokitai a bayan wani, mu isa Wunti daga Yelwa da ɗan kuɗi kaɗan. Yanzu sai Keke Napep, shi kuma mai Keke in ya ga tsani sai ya ce shata za ka ɗauka, domin babu fasinjan da zai zauna da ƙarfe a wuyansa. Ga dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe da ta fara jiya a duk ƙasa. Mu kuwa aikinmu na sassafe ne. Gilashi ba ya son rana: in ta buge shi ya yi zafi, kumfa takan bushe kafin roba ta bi ta kanta, sai ya bar zane-zane kamar ba a wanke ba. Da muna fara aiki da an idar da Asuba. Yanzu kafin mu samu Keke mu isa, rana ta riga ta hau tagogin gabas.

Sifirit kuma ya yi tsada, kowa ya koma haɗa man wanke hannu da shi. Robar jan ruwa mai kyau daga waje ake kawo ta, dala kuwa da take 360 a farkon shekara ta haura 400 a wajen 'yan canji.

Alhamis, 14 ga Mayu

Hankali ya tashi da labarin mace-macen Azare. Tun shekaranjiya aka rufe ƙananan hukumomin Katagum, Giade da Zaki na kwana goma. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Na je gaida maigidana da ya koya mini aikin nan, a cikin gari wajen Jahun. Ya tsufa, gwiwa ta hana shi hawa tsani. Muka zauna a zaure nesa da juna, ba mu yi musabaha ba, abin ya yi mini nauyi ƙwarai. Na karanta masa lissafina. Ya saurara har na gama, sannan ya ce:

"Ɗana, gilashi nawa ne a filazar nan ta titin Ahmadu Bello?"

Na ce ban taɓa ƙirgawa ba, Baba.

"To da me ka yanka mata dubu shida?"

Na yi shiru. Gaskiyar magana, ranar da na samu aikin na kalli ginin ne kawai na faɗi abin da nake ganin ba za a ƙi ba.

Ya ce in koma in ƙirga kowane gilashi a kowane wuri, in ware na ƙasa da na sama, in ware wanda ke bayan ƙarfen taga da raga, domin wannan sai ka cusa hannu ka bi shi lungu-lungu, yana cin lokacin guda uku. Ya ce in zan ƙara, kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku, in ba mutane sanarwar wata guda, kuma in je da ƙafata in faɗa, kada in tura saƙon waya. Abu na ƙarshe da ya ja mini kunne a kai: kada in yi farashi biyu a layi ɗaya. Masu shaguna suna hira da juna bayan La'asar, ranar da ɗaya ya ji maƙwabcinsa na biyan ƙasa da nasa, na rasa su duka biyun, na kuma rasa mutuncina.

Na ce, Baba, lokacin ne nake jin bai dace ba, kowa na kuka. Ya ce, "Kai ma cikin masu kukan kake. Ba ƙwace za ka yi ba, magana za ka yi. Wanda ya ga zai iya ya biya, wanda bai iya ba ku rabu lafiya."

Talata, 26 ga Mayu

An yi Sallah shekaranjiya Lahadi. Shaguna uku sun kira kafin Sallah suka ce in dawo, mun koma 14.

Na gama ƙirga. Filazar titin Ahmadu Bello gilashi 74, guda 40 a sama. Na yanke: shago 800, gida 4,000, filaza 8,000, daga 1 ga Yuli. Zan fara sanarwa farkon watan gobe.

Laraba, 3 ga Yuni

Na fara da Alhaji mai kemis na wajen Wunti, don shi ne ya fi daɗewa da ni. Na fara yin aikin tukuna. Ƙofarsa ta gilashi ta zama abin tausayi tun zuwan cutar nan: kowa ya shafa man tsaftace hannu sai ya tura ƙofa da tafinsa, man kuma yana da danƙo, ƙura ta bi ta manne, sai ka ga shatin yatsu birjik daidai tsayin ƙirji. Ga takardun sanarwa da ake liƙawa da salatif ana cirewa, kowace ta bar gam mai baƙi. Na jiƙa auduga da sifirit na bi gam ɗin ɗaya bayan ɗaya, na wanke da kumfa, na ja roba daga sama zuwa ƙasa ba tare da na ɗaga ta ba, na bi gefuna da busasshen tsumma. Da na gama, kwalaben maganin da ke kan kanta suka fito tar daga bakin titi.

Sannan na tsaya daga bakin kanta, takunkumi a fuskata, bakina ya bushe kamar mai azumi.

"Alhaji, ranka ya daɗe, akwai maganar da nake so mu yi."

"Bismillah, ina jinka."

Na ce tun 2017 nake karɓar 600, kaya sun tashi, daga farkon watan gobe zai koma 800. Na faɗa a taƙaice, na yi shiru kamar yadda Baba ya ce, ban shiga ba da haƙuri ba.

Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "To ai man fetur sauka ya yi. Daga 145 ya dawo 125, yanzu ma bai kai haka ba. Kowa in zai ƙara kuɗi da mai yake fakewa, kai da me za ka fake?"

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji daɗi da na zo da littafina. Na buɗe masa shafin Afrilu a kan kanta. Na ce mai ya sauka amma kuɗin hawa bai sauka ba, ga abin da nake biyan Keke. Ga sifirit, shi da kansa yake sayar mini, ya san nawa yake a Janairu, nawa yake yau. Ya bi layin da yatsa har ya kai kan 8,700, ya ɗago ya dube ni.

"Wannan ne abin da ka kai gida a wata?"

Na ce shi ne, Alhaji.

Ya ce ba sai Yuli ba, daga yau. Ya ƙirgo 800 ya ajiye a kan kanta, ya ƙara mini da kwalbar man wanke hannu. Da na fito sai da na tsaya a inuwar wata bishiya na ɗan lokaci kafin na iya ɗaukar bokiti. Wata huɗu ina ɗauke da wannan magana a ƙirji, ta ƙare a minti biyar.

Juma'a, 12 ga Yuni

Ba kowa ne Alhaji mai kemis ba.

Manajan ɗaya filazar, ta hanyar Jos, bai bari na kai ƙarshen magana ba. Ya ce akwai yara da za su wanke masa ginin duka a dubu uku, ni ina maganar takwas. Na ce, Oga, ginin nan sama ne, akwai tsani, akwai haɗari, kuma ƙurar da ke kansa in ba a sauke ta da ruwa ba kafin a sa tsumma, yashi ne, zai karce gilashin. Ya ce gilashi dai gilashi ne. Ya ce in bar shi a shida ko in ajiye aikin.

A tsaye nake amma zuciyata na cewa da babu gara ba daɗi, dubu shida ba ƙaramin kuɗi ba ne a wannan lokaci. Sai na tuna manajan ɗaya filazar ya riga ya amince da takwas, kuma su biyun sun san juna. In na sauko wa wannan, na ci amanar wancan. Na ce na gode da zaman da muka yi na shekara uku, in an buƙace ni lambata na nan. Na fito jikina a sanyaye. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Hajiya ta GRA kuwa, gida ɗaya tilo da ya rage mini, ba ta fito ba, sai ta tagar kicin muka yi magana, ina tsakar gida. Tun Afrilu bayan tagogi kawai nake wankewa, ba na shiga ciki. Ta ce, "Malam, da kana yin ciki da waje a dubu uku, yanzu waje kaɗai kake yi kuma ka ce huɗu?" Tambayarta a kan hanya take. Na ce, Hajiya, in kin yarda zan haɗa da wanke ragar sauro da share kwalbatin tagogin, inda matattun ƙwari da ƙura suke taruwa har taga ta ƙi zugewa, in cuta ta lafa kuma in koma yin ciki ba tare da wani ƙari ba. Ta ce ta yarda. Wannan ya koya mini cewa wani ba ƙarin yake ƙi ba, so yake ya ga abin da kuɗinsa ya saya.

Laraba, 1 ga Yuli

Yau sabon farashi ya fara. Cikin 14, tara sun amince kai tsaye. Shaguna uku sun ce za su biya 800 amma sau biyu a wata maimakon duk mako. Biyu sun tafi: filazar hanyar Jos da wani mai shagon waya.

Yau ɗin kuma aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi, aka kuma mayar da litar mai sama da 140. Hujjar "ai mai ya sauka" ta faɗi da kanta.

Na sake tsarin fita. Litinin da Alhamis Wunti da kewaye, Talata titin Ahmadu Bello, Laraba GRA da asibiti. Na roƙi mai gadin filaza ya riƙa ajiye mini tsani a ɗakinsa, ina ba shi ɗan na goro, kuɗin shatar Keke ya ragu.

Asabar, 8 ga Agusta

Lissafin Yuli: naira 43,000 daga wurare 12. A Afrilu 36,800 ne daga wurare 11. Ba wani tsalle ba ne, amma an yi Babbar Sallah ranar 31 ga wata ban ci bashin cefane ba.

Na ƙara wa yaro lada daga 700 zuwa 1,000. Tun ranar da na fara sanar da mutane nake jin nauyin abin, domin da kunnensa ya ji ina cewa kaya sun yi tsada, shi ma a kasuwar nan yake sayen abinci ya kai wa uwarsa. Ban ga yadda zan nemi adalci a wajen masu shago in hana shi a gidana ba. Da na faɗa masa sai ya ce, "Kawu, ka bari sai abubuwa sun daidaita." Na ce ba ranar da za su daidaita da kansu, karɓi.

Wani abu ya faru a asibiti ranar Laraba da ya kamata in rubuta. Sun ce mu riƙa goge hannun ƙofofi da ruwan bilic, shi ya sa kuɗin aikinsu ya koma 3,500. Yaro ya ga farin tabo a gilashi, irin wanda ruwan borehol ke bari in ya bushe, ya ɗauko ruwan khal zai tsiyaya cikin bokitin bilic wai ya haɗa aiki ɗaya. Allah ya sa na waiwaya na riƙe hannunsa. Bilic in ya haɗu da abu mai tsami yana tayar da iska mai guba da ke ƙona ido da huhu, ga mu a lungu marar iska. Yanzu bokitin bilic ja ne, na wanki shuɗi, kuma ba sa zama kusa da juna. Irin wannan sanin ma yana cikin abin da mutum ke biya in ya ɗauki wanda ya koyi aiki, sai dai ba ya fitowa a rasit.

Damina ta yi ƙarfi. Wasu na cewa me za a wanke tunda ruwan sama na wankewa. Ruwan sama ba ya wanke gilashi, jan laka yake fantsamo masa daga ƙasa, ya kuma zubo da dattin rufi daga sama.

Alhamis, 3 ga Satumba

An ƙara kuɗin wuta daga farkon watan nan, mai kuma ya doshi 160. Duk shagon da na shiga maganar ke nan.

Tela na layin Wunti, ɗaya daga cikin ukun da suka koma sau biyu a wata, ya kira ni gefe ya ce ba zai iya ba kuma. Bukukuwa sun ragu, ɗinkin Sallah bai yi armashi ba, ga kuɗin janareta. Mutumin kirki ne, shekara biyar muna tare, ranar sunan ɗiyata shi ya ɗinka mata kaya bai karɓi ko kwabo ba. Ya ce in mayar masa 600 a tsakaninmu, ba wanda zai ji.

Na tuna gargaɗin Baba. Na ce, Malam, farashi ba zan taɓa ba, amma ba dole sai da kuɗi za ka biya ba. Muka yi yarjejeniya: ina wanke masa sau biyu a wata, shi kuma ya ɗinka mana takunkumin atamfa mai ninki biyu da rigunan aiki guda biyu masu aljihu a gaba, inda za mu riƙa sa reza da ƙaramin tsumma. Ya kuma tara mini ƙyallayen auduga da suke ragowa, waɗanda ba sa barin gashi a gilashi. A littafi na rubuta 800, an biya da ɗinki. Duk wanda ya tambaye shi nawa yake biya, 800 zai ce, kuma bai yi ƙarya ba.

Litinin, 19 ga Oktoba

Makarantu sun koma. Makarantar da nake yi wa aiki ta kira, wata bakwai ba a taɓa tagoginta ba, gizo-gizo ya yi gida a kowace kusurwa. Na ƙirga gilashin a gaban shugabar makarantar, na faɗi kuɗin wankin farko daban, na wata-wata daban. Ba ta yi ciniki ba. Na lura sabon farashi ya fi sauƙin faɗa ga wanda ya dawo da kansa.

Ana ta maganar tallafin naira 30,000 da gwamnatin tarayya ta ware wa masu sana'ar hannu. Teloli da masu aski da makanikai suna da ƙungiyoyi da shugabanni da ke tattara sunaye. Mu masu goge gilashi ba mu da ko ɗaya, kowa da bokitinsa. Rashin ƙungiyar nan ne ma ya sa babu tsayayyen farashi a garin, kowa abin da yunwarsa ta faɗa masa yake karɓa. Na yi magana da mutum uku da na sani a sana'ar, mun ce za mu riƙa haɗuwa ko da sau ɗaya a wata.

Asabar, 5 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai, duwatsun bayan gari ma ba a hango su da safe. Wannan ne lokacinmu. Gilashin da ka wanke Litinin, kafin Alhamis yaro zai iya rubuta sunansa a kai da yatsa. Shaguna biyu cikin masu sau biyu a wata sun koma duk mako. Gidaje biyu sun dawo, otal ma ya kira.

Ranar Talata manajan filazar hanyar Jos ya bugo waya. Na je. Tun daga ƙasa na ga abin da na ji tsoro: manyan gilasan gaba duk sun yi zane a zagaye, inda aka murza busasshen tsumma a kan ƙura, wani wurin har da alamar soson ƙarfe. In rana ta faɗo a kansu da yamma sai su yi fari kamar hazo. Ya ce in gyara. Na ce, Oga, datti zan iya cirewa, amma karce ya riga ya shiga jikin gilashin, ba ruwan da zai fitar da shi. Ban ce masa ai na faɗa ba, don shi ma matsin da ya same ni ne ya same shi, masu haya ba sa biya a kan lokaci. Yaran da suka yi aikin ma ban zarge su ba, ba wanda ya koya musu, abinci suke nema.

Ya tambayi nawa. Na ce takwas, kamar yadda na faɗa a watan Yuni. Ya ce a fara gobe.

Lahadi, 17 ga Janairu, 2021

Cutar ta sake tasowa tun watan jiya, an koma matsa wa mutane a kan takunkumi. Wannan karon ba wanda ya ce in dakata.

Na ji a rediyo cewa hauhawar farashi ta kai kashi 15.75 cikin ɗari a Disamba, ta abinci kuma 19.56. Ke nan wani yanki na ƙarin da na yi a Yuli kasuwa ta riga ta cinye shi. Na faɗa wa Baba, ya ce kuskurena na farko shi ne barin shekara uku ba tare da na taɓa farashi ba, har ya zama dole in ƙara da yawa a lokaci ɗaya. Na sa a raina duk bayan Babbar Sallah zan zauna da littafin nan in duba, in akwai ƙari ya zama kaɗan, kuma mutane su san da zuwansa.

Asabar, 6 ga Maris, 2021

Allurar rigakafi ta iso Abuja ranar Talata, kusan miliyan huɗu, jiya aka fara yi wa ma'aikatan lafiya.

Wurare 19 nake da su yanzu. Mai shagon waya bai dawo ba, gidaje biyu ma haka, da wasu shaguna da suka rufe gaba ɗaya, na kuma samu sababbi biyu ta hanyar Alhaji mai kemis. Hajiya ta ce daga watan nan in koma yin ciki, na kuma cika alkawari, dubu huɗun nan dai ita ce.

Haɗuwarmu ta masu sana'a ta kai mutum bakwai. Ba mu kai ga tsayar da farashi ɗaya ba, har yanzu ana ja-in-ja a kan na bene, amma mun yarda kowa ya riƙa ƙirga gilashi kafin ya buɗe baki, kuma mun fara adashin 500 duk mako. Ɗaukar farko tawa ce, na haɗa da abin da na tara na sayi tsani mai tsawo na hannu a kasuwar Muda Lawal, don tsohon ya fara rawa a mataki na huɗu kuma yaro ne ya fi hawansa. Robar ƙafa ɗaya ta tsanin da na saya ta cinye, na kai wa mai faci ya yanko mini daga tsohuwar taya.

Jibi Litinin makaranta, ƙarfe shida da rabi, mu gama tagogin gabas kafin rana ta hau su.